Minti Goma Sha Biyu da Goggo Ta Ba Rana

Ku yi mini afuwa tun kafin ku fara. Ban taɓa rubuta labari ba, karanta na wasu kawai na iya, kuma wannan shafin na farko sau huɗu ina yage shi. Da an sami wani ya rubuta abin da ya faru a filin ƙwallon makarantarmu, da na bar masa da murna. To, waɗanda suka san aikin ba su da lokaci, ni kuma mai lokacin ban san aikin ba, sai abin da idona ya gani da ɗan abin da na tsinta a littattafai. Duk inda kuka ga kuskure nawa ne, kada ku ɗora wa Goggo.

Goggo ƙanwar Abbanmu ce, ita ce autarsu. Abba malamin lissafi ne, gidanmu yana cikin gidajen malamai, bayan filin ƙwallo. Goggo kuwa a jami'a take, shekara huɗu ke nan tana bincike a kan abu guda: yadda hadari yake farawa. Ba hadarin da ya haɗu ya yi baƙi ba, wannan kowa yana ganinsa. Ita mintocin farko take nema, lokacin da ɗan gajimare da ba wanda zai kula shi yake rikiɗa ya zama hadari. Ta ce in ta kama wannan sau ɗaya tak, kusa da ita, ta gama karatunta na zama dakta.

An ba ta aron na'urar rada, mai gano ruwa a cikin gajimare, na kwana ashirin a ƙarshen damina. Ta zaɓi filinmu saboda ana hutu, ga shi fili ne fetal.

Ranar da za a kawo na'urar, tun da safe na ba ta kyautata. Kullum in ta zo sai na ga tabon fil a ƙarƙashin haɓarta, don Goggo da sauri take ɗaura mayafi, ba ta duba madubi. Sai na samo mata irin maɓallan nan guda biyu masu maganaɗisu, waɗanda suke manne wa juna su riƙe mayafi ba huda. Na naɗe su a takarda, na kasa miƙa mata, na ajiye kusa da kofin shayinta.

"Tabarau, ke ce da wannan?" Haka take kirana, saboda gilashin idona. "Kai, kin raba ni da zubar da jini." Nan take ta cire fil ɗin ta manna su, suka yi ƙas. Wuni na yi ina murmushi ni kaɗai.

Da hantsi mota ta shigo tana jan wata ƙaramar tirela. A kanta akwai faranti fari, faɗinsa ya kai tsawon mutum, an kwantar da shi an ɗaure. Tare da shi aka zo da Injiniya, wani dogo mai yawan magana, wanda shi yake kula da lafiyar na'urar. Shi ba ya ce wa Goggo komai sai Dakta-saura-ƙiris.

"Dakta-saura-ƙiris, ina za mu sauke amaryar?"

"Tsakiyar fili. Kuma in ka kuskura ka buga ta da turken raga, kai za ka yi wa jami'a bayani."

Ni ina zaune a barandar aji da littafi a buɗe a cinyata, amma ko layi ɗaya ban karanta ba. Ban taɓa ganin Goggo tana aiki ba sai ran nan. A gida ita ce mai ƙona girki, mai manta inda ta ajiye takalmi. A filin nan wata ce daban. Suka sauke ƙafafun tirelar huɗu, kowacce a kan katako. Ta ɗora irin ma'aunin magina mai 'yar ƙwayar iska a ciki, ta durƙusa har kuncinta ya kusa taɓa ƙarfe, tana cewa a ƙara na hagu rabin juyi, a rage na baya kaɗan, har ƙwayar ta tsaya cak a tsakiya. Kowane noti sai ta taɓa shi sau biyu. Duk lambar da ta faɗa sai Injiniya ya maimaita da ƙarfi, duk wadda ya faɗa sai ta maimaita, sannan a rubuta a wani littafi mai baƙin bango da suke kira littafin aiki. Suka kewaye tirelar da jar igiya don kada kowa ya matsa kusa in tana aiki. Suka ja waya mai kauri har cikin ajin da suka ajiye kwamfuta.

Baba Maigadi, wanda ya fi shekara talatin yana tsaron ƙofar makarantar, ya zo ya tsaya bakin igiyar, hannuwa a baya.

"Malama, wannan tasar tashoshi nawa take kamawa?"

"Tasha ɗaya ce, Baba. Ta sama."

Ta yi masa bayani, ni ma a nan na fahimta. Farantin yana juyawa yana aika kira cikin gajimare. In akwai ɗigon ruwa, kiran sai ya dawo, kamar yadda murya take dawowa in ka yi ihu a cikin rijiya. Daga jinkirin dawowar ake gane nisan ruwan, daga inda farantin ya fuskanta ake gane ɓangarensa. Abu ɗaya ne na'urar ba ta sani da kanta ba, wato ina ne arewa. Sai an gaya mata, kuma duk abin da aka gaya mata shi za ta riƙe.

Ran nan janareta ya yi gardama, ya ci musu awa biyu, ga gajimare ya fara taruwa. Goggo ta ɗauki kamfas da sauri. Ta san ƙarfe yana ruɗa allurarsa, don haka ta cire agogo, ta haɗa da waya da makullai ta miƙa wa Abba, ta yi taku talatin daga tirelar. Ta ɗaga kamfas ɗin daidai fuskarta, ta kanne ido ɗaya, ta faɗi lamba. Injiniya ya maimaita, ya shigar.

"Gobe sai mu tabbatar da rana," in ji ta.

Gobe aka yi ruwa, jibi ma haka. Aiki ya taso musu, goben ba ta zo ba.

Kwana goma sha tara farantin yana juyawa. Da safe nakan leƙa ta taga in ga taswira a fuskar kwamfuta, kore inda ake yayyafi, ruwan ɗorawa inda ya ƙaru, ja inda ake kamar da bakin ƙwarya. Sun kama hadari da yawa, amma duk manya ne da suka taso daga nesa. Haihuwar da Goggo take jira ba ta samu ba.

Akwai kuma wani abu da yake damunta. Ta dasa gwangwanayen auna ruwa goma sha biyu a wurare daban-daban, na kusa da na nesa, kullum da safe Injiniya yana zagayawa a babur ya karanto su. Na kusa suna yarda da na'urar. Na nesa kuwa, inda ta ce an tafka ruwa sai a tarar da gwangwani rabi, inda ta ce yayyafi ne sai a tarar ya cika.

"Awaki ne," in ji Injiniya. "Na rantse na ga sawunsu. Suna shanye mana bincike."

"Wanda ya cika fa? Su suka ƙara masa?"

"To, ai akuya ba shan ruwa kaɗai ta iya ba."

Goggo ta yi dariya, amma da ta juya ga takardunta sai na ga dariyar ta tafi.

Rana ta ashirin ita ce ta ƙarshe. Motar da za ta ja tirelar tana bakin ƙofa tun azahar, don wasu masu binciken suna jiran na'urar gobe da sassafe a wani gari mai nisa, dole a tafi da ita kafin magariba. Wajen ƙarfe huɗu wani ɗan ruwa yana sauka can nesa ta arewa, ana hango shi kamar labule. Baba Maigadi ya leƙo ajin, kamar yadda ya saba.

"Malama, yau ina tasarki ta ce ake ruwan?"

Goggo ta duba. "A kan madatsar ruwa, Baba."

Ya fita baranda ya daɗe yana kallo, ya dawo. "A'a. Wannan ruwan bayan rumbunan hatsi yake sauka. Madatsa tana hagu da nan, da tazara."

"Baba, na'urar nan daga ƙasar waje aka kawo ta fa," in ji Injiniya.

"To shi ya sa, ɗana. Baƙuwa ce, ba ta san gari ba."

Injiniya ya ƙyalƙyale da dariya. Goggo ba ta yi ba. Ta tashi ta fita, ta dubi inda Baba yake nunawa, ta dawo ta dubi taswira, ta sake fita. Sannan ta ciro kamfas daga jaka, ta ajiye agogo da waya a kan tebur, ta nufi daidai inda ta tsaya ranar farko. Ban san abin da ya sa na bi ta ba. Na tsaya ɗan nesa, littafina a ƙirji.

Ta ɗaga kamfas ɗin zuwa fuskarta. Lambar ba ta canja ba, na ji ta faɗe ta a hankali. Sai iska ta taso ta ɗage mata mayafi, ya rufe mata ido. Ta sa hannu ta ɓalle maɓallan don ta gyara, ta riƙe su a hannun hagu can gefe, idonta yana kan kamfas. Sai na ga ta daskare. Ta kawo hannun hagu kusa da haɓarta, ta janye. Ta sake kawowa, ta sake janyewa.

Ba sai an gaya mini ba. Yana cikin littafin kimiyyarmu na aji ɗaya, har da zane. Maganaɗisu yana jan allurar kamfas. Na karanta shafin nan ya fi sau goma, har na ci jarrabawa da shi, amma na naɗe abin a takarda na ajiye mata kusa da shayi. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Goggo ta waiwayo, muka haɗa ido. Ta dunƙule hannu, ta zura maɓallan a aljihu, ta ƙulle mayafin da hannu kamar mai shirin wanki.

Daidai lokacin Injiniya ya leƙo ta taga yana ihu.

"Dakta! Dakta, taho! Ga jaririyar nan! Gabas, kilomita goma sha biyar, yanzu ta ɓullo!"

Ko saura-ƙiris ɗin ya manta. Muka ruga. A fuskar kwamfuta ga wani ɗan ɗigo kore, bai fi ƙwayar wake ba, a inda babu komai minti biyar da suka wuce. Abba ma ya shigo, ya ji ihun daga gida. Goggo ta tsaya tana kallon ɗigon, hannunta a kan baki. Shekara huɗu take jiran wannan ƙwayar waken.

"Arewarmu karkatacciya ce," ta ce.

"Me?"

"Tun ranar farko. Baba ya yi gaskiya, gwangwanayen ma gaskiya suke faɗa. Ban san da digiri nawa muka kauce ba. Sai mun tambayi rana."

Nan ma sai na ɗan tsaya na yi bayani, ku yi haƙuri. Rana tana da wata ƙara da kunnen mutum ba ya ji, amma farantin yana jinta, ko da siririn gajimare ya rufe ta. Kuma an san daidai inda rana take a kowane minti, akwai jadawalinsa. In aka sa farantin ya nemo ta, aka gwada inda ya ce take da inda take a gaskiya, bambancin shi ne kuskuren. Da an san shi, sai a juya duk taswirorin baya su koma daidai. Amma dole a yi kafin a motsa tirelar, in an motsa ta shi ke nan. Kuma aikin yana cin minti goma sha biyu, farantin ya daina kallon komai sai rana.

"Bayan hadarin mu yi," in ji Injiniya.

"Dubi yamma. Nan da rabin awa rana za ta faɗa bayan dogon ginin ɗakin gwaji. Hadarin nan kuwa sai ya yi awa biyu a kanmu. Kafin ya wuce ta faɗi, mota kuma ba za ta kwana ba."

"To mu ba jaririyar minti ashirin, sannan mu juya."

"In gajimarenta mai ruwa ya riga mu rufe yamma fa? Na rasa kwana goma sha tara."

"In kin juya yanzu kin rasa shekara guda!" Ya sassauta murya. "Dakta, wa ya sani? Ni da ke ne. Ki ɗauki abinki. Sauran a ce awaki."

Abba ya ce, "Auta, ki yi tunani dai."

"Na yi, Yaya. In na kama ta ban san inda take ba, me na kama? Kuma wasu za su ɗauki taswirorin nan su yi aiki da su, su ce ga inda ruwa yake sauka." Ta dubi ɗigon, ya fara zama ruwan ɗorawa a tsakiya. "Injiniya, kashe kira. Juya ta yamma."

Ya dube ta kamar zai yi kuka. Sannan ya maimaita, yadda suka saba, "Kashe kira, juya yamma," ya danna.

Ta taga na ga farantin ya tsaya. A hankali ya juya, ya ba hadarin baya. Wannan hoton ba zai bar kaina ba. A gabas gajimare yana kumbura yana hawa kan kansa, fari a sama, baƙi a ƙasa, kowa a filin ya zuba masa ido, har direban mota ya fito. Farantin kaɗai yake kallon wata dusasshiyar rana a yamma, yana ɗan kaɗa kai hagu da dama kamar tsoho mai neman jin magana.

Goggo ba ta waiwayi gabas ba ko sau ɗaya. Idonta yana kan wani siririn layi a kwamfuta da yake hawa in farantin ya kusa rana, ya sauka in ya wuce ta. Tana faɗin lamba, Injiniya yana maimaitawa, Abba ya karɓi biro yana rubutawa. Iska ta fara buga tagogi. A minti na bakwai Injiniya ya ce ai ya isa haka. Ta ce sau uku ake yi, saura ɗaya. Muryarta ba ta rawa, amma ina ganin yatsun ƙafarta sun dunƙule cikin takalmi.

"Digiri tara da ɗigo huɗu," ta ce daga ƙarshe.

"Tara da ɗigo huɗu."

Abba ya yi ɗan lissafi a gefen takarda, ya yi tsaki. "A nisan kilomita talatin, kusan kilomita biyar ke nan."

"Mayar da ita gabas."

Farantin ya juyo. Taswira ta fito. Babu ƙwayar wake. Wani ƙaton ja ne ya cika gefen fuskar kwamfutar, ya riga ya girma, irin wanda suke da shi guda goma a ajiye. Sai ruwa ya kece a kan kwanon ajin.

Goggo ta jawo littafin aiki. Injiniya ya ce, "Amma me ya ja allurar? Da idona na ga kin cire agogo, kin yi nisa da ƙarfe."

Na buɗe baki, wallahi na buɗe, amma ba abin da ya fito.

"Akwai maganaɗisu a jikina ban lura ba," ta ce, tana rubutu. "Ni na auna. Ni na ce za a tabbatar da rana gobe, ban yi ba. Haka zan rubuta, da sa hannuna." Ta ɗago. "Kai kuma daga yau, duk wanda ka ga zai ɗauki kamfas, ka caje shi kamar ɓarawo."

"Saura-ƙiris ɗin fa ya ƙara shekara," in ji shi, a sanyaye.

"Sai ka ƙara shekara kana tsokanata. Kawo takardar gwangwanayen."

Ta buɗe taswirar kwana na uku, ta shigar da tara da ɗigo huɗu. Duk launukan suka ɗan juya gaba ɗaya, kamar an gyara hoton da ya karkace a bango. Jan da yake kan gwangwanin da aka tarar rabi ya matsa, ya zauna daram a kan wanda ya cika.

"Na bakwai, milimita arba'in da ɗaya," Injiniya ya karanta.

"Na'ura ta ce talatin da tara."

"Kai! Na tara, milimita shida."

"Bakwai."

Ya miƙe tsaye. Suka buɗe kwana na biyar, na takwas, na sha ɗaya, duk suka hau. Abba yana ta cewa madalla, madalla, ya manta biro a bayan kunne yana nemansa a aljihu. Injiniya ya dafa ƙirji ya ce yana neman gafarar duk awakin da ya yi wa ƙazafi, uwa da 'ya'ya. Aka jawo Baba Maigadi gaban kwamfuta aka nuna masa ruwan ɗazu, ga shi nan bayan rumbunan hatsi.

"To," ya ce, "yanzu ta fara sanin gari. Ga shi kuma za ku tafi da ita."

Kowa ya yi dariya, har Goggo, ko da yake idonta ya yi ja. Iska ta shigo ta karyayyen gilashin taga ta sake kwance mata mayafi. Ba tare da ta ɗauke ido daga lambobin ba, ta sa hannu a aljihu, ta ciro maɓallan nan, ta manna su a ƙarƙashin haɓarta. Duk da ƙarar ruwa na ji sun yi ƙas.

"Kwana na sha biyu," ta ce. "Karanto."

Duk sun sunkuya a kan teburin, kawuna huɗu a haɗe. Na cusa littafina cikin riga don kada ya jiƙe, na cire gilashina na riƙe a hannu. Ƙofar ajin tana ƙara in an buɗe ta da yawa, don haka kaɗan na buɗe, na bi ta gefe na fita.